Littafin da Na Ƙona Ranar Sallah

Wani Alhaji ya fasa mini dodon kunnen hagu da sandar da ake tokare ƙofa, sannan ya riga ni zuwa wurin 'yan sanda ya ce ni na kai masa hari. Abin da aka yi mini ke nan, ba ƙari ba ragi. Shekarata arba'in da tara a lokacin, 'ya'yana biyar, shi kuwa ko a ido ka gan shi ka san na girme shi. Takardar da ya rubuta cewa ta yi maigadi ya nemi hallaka mazaunin unguwa. Da maganarsa ta zauna, gidan yari zan tafi.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, lauyata ce ta ce kada in faɗa, ita kuwa ina jin maganarta. Yanzu a Orozo nake da iyalina, ina gadin wani wurin buga bulo da rana. Mai wurin ya bar mini ɗan fili a baya, ina shuka kuɓewa da masara da alayyafo. Lafiyata ƙalau. Ina cin tuwo in ƙoshi, in yi barci ba mai tashina, wanda zai yi mini magana ya zagayo ta dama, shi ke nan. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, sai ɗan abin da na samu a allo, amma ya ishe ni in rubuta abin da ya same ni.

Shekara bakwai na yi ina tsaron ƙofar wani rukunin gidaje a cikin Abuja. Gida arba'in da 'yan kai, ƙofa ɗaya. Aikin rana nake yi, shida zuwa shida. A Mararaba muke zaune a wancan lokacin, da an sallame Asuba zan nemi bas, mu sha cunkoso a Nyanya, in isa kafin abokin aikina ya fara ƙorafi. Kuma gaskiya ina son aikin. Akwai bishiyar mangwaro a bakin ɗakin gadin, akwai benci, akwai rediyona. Matan unguwar sukan aiko da abinci, wata shinkafa, wata sakwara, har na koyi cin miyar agushi. Babban abin da ke hannuna shi ne rajista, wani ƙaton littafi mai baƙin bango da kwamitin unguwa ke saye. Duk motar da ta shiga ko ta fita sai na rubuta lambarta da lokaci, in baƙo ne ya faɗi gidan da za shi ya sa hannu. Ban taɓa wasa da wannan ba. Agogona yana ɗaure a hannu, in ƙarfe huɗu da minti bakwai ne, huɗu da minti bakwai zan rubuta, ba na cewa wajen ƙarfe huɗu. Har tsokanata ake yi wai na fi na filin jirgin sama tsanani.

A shekara ta shida Alhajin ya tare a gidan ƙarshe. Bahaushe ne ɗan'uwana, Musulmi, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau. Yaren da ya zage ni da shi, da shi uwata ta yi mini reno.

Marin farko a kan sallar La'asar ne. Ina raka'a ta uku ya danna hon, ya sake, ya sake. Na sallame na taso da gudu na buɗe. Ya sauko daga mota, sai ji na yi fuskata ta ɗauki zafi. Sannan ya ce shi ba a sa shi jira. Na ce Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe. Abin da na ce ke nan, ni da furfura a gemu.

Daga nan abin ya zama kamar sha'awa. In na ce baƙonsa ya sa hannu, mari. In ƙofa ta yi ƙara, zagi, wani lokacin har da shuri. Na kai kuka wurin shugaban kwamiti, ya ce in yi haƙuri, Alhaji mutum ne mai zafi amma hannunsa a sake yake. Na yi tunanin barin aikin, to amma mai shekaruna a garin nan, in ya saki ƙofa ɗaya, samari ashirin ne a layi suna jiranta.

Akwai wani Ibo mai kemis a tsallaken titi, ya daɗe a Zariya kafin ya dawo Abuja, Hausarsa tana tafiya ko da tana ɗingishi. Ranar mari na uku na je sayen maganin ciwon kai, ya tambaye ni me ya sami kuncina, na ce ƙofa ce ta buge ni. Ya leƙo ta saman tabarau ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan ƙofa naka yana da yatsa huɗu."

Na yi dariya, daga baya na gaya masa gaskiya. Bai ce in yi haƙuri ba, shi kaɗai ne bai ce haka ba. Ya ba ni labarin wata ƙanwarsa da miji ya yi shekaru yana jibga, da aka je gaban alƙali aka ce ta kawo shaida, ba ta da ko tsinke, mijin ya fita yana murmushi. Ya ce tunda na iya rubuta lambar mota, in rubuta wannan ma. Rana, lokaci, abin da aka yi mini, a ina a jikina, me aka ce, wa ke tsaye. A ranar, kafin in kwanta, tun abin yana ɗanye. Kada in sa zagi, kada in ƙara gishiri. Ya ɗauko littafin 'yan makaranta mai shafi arba'in ya ba ni, sannan ya ce in juya kuncina ga haske, ya ɗauki hoto da wayarsa, don tawa ƙaramar ce mai tocila. Ya ce duk ranar da aka sake, in tsallako.

Haka na fara. Ga irin abin da nake rubutawa, wannan na haddace shi: Talata, huɗu da minti ashirin. Mari biyu da hannun dama, kuncin hagu. Na ce baƙonsa ya sa hannu ne. Ya ce ubana ma bai isa ba. Direban tankar ruwa yana wurin.

Da farko a ɗakin gadi nake ajiye shi, ƙarƙashin rajista. Mai ɗakina ce ta ce wauta nake yi, wa yake ajiye irin wannan a inda mutumin zai iya miƙa hannu ya ɗauka? Na kawo shi gida ta sa a akwatinta, ƙarƙashin zannuwa. Abin mamaki, rubutun ya rage mini ƙunar rai. Da, a cikin bas nake tafe ina ta faɗa da mutumin a zuciyata har Mararaba, in shiga gida in huce a kan yara. Da na fara rubutawa, sai in sauke abin a takarda, in rufe, in ci abincina. Cikin wata goma aka cika goma sha ɗaya.

Sai Babbar Sallah ta zo. Ina bakin aiki ranar, na roƙi abokin aikina ya ɗan tsaya na je idi na dawo. Wajen ƙarfe goma motar Alhaji ta shigo, maimakon ta wuce sai ta tsaya. Ya sauko cikin farar shadda, ƙamshin turare ya riga shi isowa, maƙwabta suna tsaitsaye ana gaisawa. Ya kama hannuna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam, yau ranar yafiya ce. Ɗan Adam ajizi ne. A yafi juna."

Malam fa ya ce, ba kai maigadi ba. Da alwalata, ranar Sallah, a gaban jama'a. Na ce na yafe, duniya da lahira. Kuma har ga Allah daga zuciyata na faɗa. Da rana aka aiko mini da cinyar rago guda.

Na isa gida bayan Magariba, mai ɗakina ta hura gawayi tana soya naman. Na zauna ina kallon wutar, abu ɗaya yana ta yi mini kai-kawo. Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, in ka ce ka yafe to ka yafe, wanda ya furta yafiya ya koma yana lissafin laifin a ɓoye munafuki ne. Ni kuwa ga laifin mutum goma sha ɗaya a jere cikin akwati, da rana da minti. Na tashi na ɗauko littafin na yayyaga shi na tura ƙarƙashin kaskon. Ta yi wuf za ta ciro, na riƙe mata hannu.

"Malam, kai ka ce ka yafe. Shi ka ji ya ce ya daina?"

Na ce ta kula da suyarta kada ta ƙone. Naman ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, yara sun ci har da na gobe.

Ba a rufa wata ɗaya ba. Kwamiti ya kafa doka cewa babbar mota ba ta shiga ranar Lahadi, an liƙa takardar a jikin ƙofa. Ranar wata Lahadi da hantsi tifa ta zo da yashi za ta gidan Alhaji, na ce wa direban ya dawo gobe. Ya buga waya. Alhaji ya taho a ƙafa, da jallabiya, ya sunkuya ya ɗauki sandar tokare ƙofa. Na ɗauka ƙofar zai buɗe da kansa. A kunne ya sauke mini ita. Na durƙusa, na ji wani abu mai ɗumi yana bin wuyana. Da ya ɗaga zai ƙara, na cafke sandar, muka ja, ya zame ya faɗi, hannun jallabiyarsa ya yage, gwiwar hannunsa ta ɗan kuje. Iyakar abin da na yi masa ke nan a duniya.

Mai kemis ya kai ni asibiti. Muna can likita yana leƙa kunnena, Alhaji yana ofishin 'yan sanda da yagaggiyar jallabiya. Washegari aka zo har gida aka tafi da ni a gaban yarana. Kwana biyu na yi a rufe kafin limamin masallacinmu da mai kemis su tsaya mini beli. Direban tifar kuwa, yaron Alhaji ne, ya ce shi bai ga komai ba sai lokacin da na ture mutum. Kwamiti ba su jira an gama bincike ba, suka sa wani a ƙofar.

Mai kemis ne ya san wani ofishi da ake taimakon marasa ƙarfi da lauya kyauta. Aka haɗa ni da wata Barista, sa'ar babbar 'yata, 'yar siririya mai saurin magana. Ta karanta abin da Alhaji ya rubuta, ta fassara mini: wai bai taɓa ko ɗaga mini murya ba, wai ni aka sani da zafin kai. Ta ce yadda abin yake, maganarsa ce da tawa, kuma kowa ya san wadda ta fi nauyi a ma'auni. Ta tambaye ni ko ya taɓa dukana kafin wannan. Na ce sau goma sha ɗaya. Ta ce na tabbata da adadin? Na ce ai rubutawa nake yi, da rana da lokaci da wanda ke wurin. Ta ajiye biro, fuskarta ta washe, ta ce ina littafin. Na gaya mata.

Ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Baba, ka yafe masa, Allah ya ba ka lada. To ita takardar me ta yi maka?"

Daga baya na kai wa liman maganar, ina zaton zai goyi bayana. Ya ce yafiya aikin zuciya ce, ba wanda ya ce in ka yafe sai ka rushe shaidarka, da na tambaye shi kafin in kunna wuta da ya hana ni. Na dawo gida ban gaya wa mai ɗakina abin da ya ce ba, don na san irin kallon da za ta yi mini.

Barista ba ta tsaya jimami ba. Ta ce mu tattara abin da wuta ta bari. Mai kemis ya canja waya a tsakani, hotuna shida kawai suka tsira, amma kowanne yana ɗauke da ranarsa da lokacinsa a ciki, abin da ni ban ma san waya tana yi ba. Sannan ta tambaye ni ko akwai wani abu da zai nuna Alhaji yana bakin ƙofa a waɗannan ranakun. Na ce rajista. Ta rubuta wa kwamiti wasiƙa. Shugaban ya yi ta jan ƙafa, sai wata tsohuwar malamar makaranta da ke cikinsu ta ce in ba a fito da littattafan ba ita za ta je ta faɗi abin da kunnenta ya sha ji daga bakin ƙofa. Aka fito da su aka yi mana kwafi.

Mako uku muna wannan aikin, ni da ita, a kan teburinta. Ta karanto ranar da ke jikin hoto, ni in buɗe rajista in nemo. Hoto ƙarfe biyar saura minti goma, motar Alhaji ta shigo huɗu da minti ashirin, ga lambarta da rubutun hannuna. Ita ce ma ta lura da abin da ni ban gani ba: layukan da ke biye da motarsa a irin waɗannan ranakun, rubutuna rawa yake yi, lambobin sun karkace kamar wani ne ya karɓi biron. Biyar suka dace daram. Hoto na shida ranar tana cikin wata rajista da ruwa ya lalata. Direban tankar ruwa kuwa, ta lambar motarsa muka gano shi, ya ce ya tuna, kuma zai faɗa ko a gaban wa.

Sauran sun tafi. Ina tuna wasu, har da ranar da ya tofa mini yawu, amma ta ce abin da ba zan iya ɗora shi a kan rana ba kada in rantse a kansa, kuskure ɗaya zai ɓata na gaskiyar. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi, ni na tura su a wuta da hannuna.

Ta sayo mini sabon littafi ta ce in rubuta ranar sanda tun daga zuwan tifa har asibiti, ta haɗa da takardar likita. Ta ce daga yau komai gida uku: ɗaya a wurina, kwafi a wurinta, hoto a wayar wani amintacce. Ya kuwa yi amfani. Ana cikin haka wani mutum da ban sani ba ya zo har ƙofar gidana da rana tsaka, ya ce an ce a gaya mini ƙauye ya fi mini lafiya. Kafin ƙurar mashin ɗinsa ta kwanta na rubuta lokaci da lambar mashin da kalar rigarsa. Barista ta kai wa 'yan sanda a ranar. Ba a sake zuwa ba.

Ranar da aka tara mu a ofishin babban jami'in wurin, na sa rigata mai kyau. Alhaji ya zo da lauyansa, wani mai ƙaton ciki, ko kallona bai yi ba. Aka sake tambayar Alhaji ko ya taɓa sa mini hannu kafin ranar, ya ce Allah ya kiyaye. Barista ba ta yi musu da shi ba. Ta dinga jera takardu a kan tebur bi-da-bi, hoto a hagu, shafin rajista a dama, har biyar, sannan takardar likita, sannan ta ce direban tanka yana waje in ana buƙatarsa. Jami'in ya daɗe yana dubawa. Lauyan Alhaji ya matsa ya yi masa raɗa, ya sake yi masa, na ga wuyan Alhaji ya jiƙe da gumi duk da fanka tana juyawa.

Alhaji ya janye ƙarar. Ya sa hannu a takarda cewa ba zai sake kusantata ba, ba zai aiko kowa ba, kuma maganin kunnena a wuyansa yake. Ko minti ɗaya ba a rufe shi ba, ni da na kwana biyu a kan siminti. Wannan har gobe ban haɗiye shi ba. Barista ta ce in ina so a wuce kotu za ta tsaya mini, na ce na gaji, ina son in koma in nemi abin da yarana za su ci. Ta ce to, fayil ɗin yana nan a wurinta, ba ya ruɓewa.

Muka fito. Ina tsaye a inuwa ina jiran ta gama sallama da jami'in, sai ga Alhaji ya nufo ni shi kaɗai, makullin mota a hannu. Ya miƙo mini ɗaya hannun, ya ce to Malam, magana ta wuce ko? Na bar hannun a inda yake. Na gyara tsayuwa na dube shi a ido, abin da ban taɓa yi ba tun da ya tare a unguwar.

"Alhaji, tawa ta wuce, na bar muku ƙofarku. Amma mutumin da kuka sa a gurbina, jiya na je wurinsa. Magidanci ne, 'ya'yansa bakwai. Na kai masa littafi da biro biyu, na nuna masa yadda ake rubutawa, na tsallaka da shi ya gaisa da mai kemis, lambar Barista kuma tana aljihunsa. In ka ga dama, gobe ka danna hon ka sauko."